Zangon Farko a Jami'a: Inda Digiri Ke Gyaruwa ko Ya Lalace Tun Ba a Je Ko'ina Ba

Ranar da sunan yaro ya fito cikin waɗanda jami'a ta ɗauka, gida kan cika da murna. Uwa ta yi ta hamdala, uba ya fara lissafin kuɗin rajista a zuci, dangi su yi ta bugo waya ana Allah ya sanya alheri. Murnar kuwa tana da dalili. A jarrabawar JAMB ta 2025, sama da ɗalibai miliyan 1.9 ne suka zauna, kuma fiye da miliyan 1.5 daga cikinsu ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Duk wanda ya tsallake wannan siraɗi, ya haɗa kiredit biyar har da Turanci a WAEC ko NECO, ya wuce tantancewar jami'a, ya cancanci a taya shi murna.

Matsalar ita ce a nan muke sauke kaya, alhali ba a iso masauki ba. Hankalin iyaye da gwamnatoci da 'yan jarida duk yana kan ƙofar shiga: maki nawa za a yanke, jiha kaza ta samu gurbi nawa, wa ya san wa a ofishin ɗaukar ɗalibai. Abin da ke faruwa da yaron a watanni huɗun farko bayan ya shiga, wannan an bar shi ga Allah da kuma shi yaron. A ganina kuwa waɗannan watanni sun fi duk sauran shekarun nauyi, kuma yawancin waɗanda suke faɗuwa a cikinsu ba rashin ƙwaƙwalwa ke kayar da su ba. Rashin wanda zai gaya musu yadda wurin yake ne.

A dubi inda yaron ya fito. A sakandare ƙararrawa ce ke tashinsa, ita ke zaunar da shi. Akwai asambuli, akwai malamin aji mai kiran suna kullum safe, akwai firifet mai bulala a bakin ƙofa. Malami ya rubuta darasi a allo, a kwafa, a haddace, a mayar masa da abinsa ranar jarrabawa. Idan yaro ya yi fashin kwana uku, wani zai lura. Wata biyar ko shida bayan haka sai ga shi a zauren lakca tare da mutum ɗari biyar ko fiye, wasu a zaune a kan matakala, wasu a tsaye a taga, malami yana can ƙasa yana magana, lasifika wataran ta yi aiki wataran ta ƙi. Ba mai kiran sunansa, ba mai sanin ya zo ko bai zo ba. Kuma kada a manta da shekarunsa. Bayan cece-kucen da aka yi a 2024 kan a mayar da shekarun shiga jami'a 18, an dawo an tsaya a kan 16. Wato wanda muke kira ɗan jami'a, muke sa ran ya tsara lokacinsa da kuɗinsa da cikinsa da karatunsa shi kaɗai, sau da yawa yaro ne da bai taɓa kwana a wajen gidansu ba.

A da akwai gada tsakanin waɗannan duniyoyi biyu. Kafin tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a) ya kankama a shekarun 1980, ɗalibi kan yi shekara biyu na karatun HSC bayan aji biyar na sakandare, sannan ya shiga jami'a ya yi digiri a shekara uku. A Arewa, inda makarantu masu HSC ba su da yawa, Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ta buɗe makarantar share fagen shiga jami'a, wadda aka fi sani da SBS, a zamanin shugabancin Farfesa Ishaya Audu. Dattawa da yawa da ake ji da su yau a aikin gwamnati da koyarwa da likitanci ta nan suka bi. A can suka koyi sauraron lakca da ɗaukar bayani da shiga laburare, kafin a fara yi musu lissafin da zai bi su har kan takardar digiri. Har yanzu akwai ragowar wannan gada: shirin share fage na IJMB da ABU ke kula da shi, makarantar share fage ta Funtuwa, kwalejin CAS ta Kano da takwarorinta a wasu jihohi. Amma babbar hanya yanzu ita ce daga aji shida na sakandare kai tsaye zuwa lebul wan, wato ajin farko na jami'a. Shekarar farko ta jami'a ita ta gaji aikin waccan gada, sai dai ba a gina ta a matsayin gada ba. Ana koyar da ita kamar kowace shekara, ana kuma lissafa makinta kamar kowace shekara.

Wannan lissafi shi ne abin da ya kamata a fara zaunar da sabon ɗalibi a koya masa tun kafin ya san hanyar hostal, don haka bari in ɗan tsaya a kansa.

A yawancin jami'o'in Nijeriya, maki 70 zuwa sama shi ne A, yana da daraja 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, daraja 4. C daga 50 zuwa 59, daraja 3. D daga 45 zuwa 49, daraja 2. E daga 40 zuwa 44, daraja 1. Ƙasa da 40 kuwa F ne, ba ko ɗaya. Kowane kwas yana da nauyinsa da ake kira yunit, wani biyu, wani uku, wani ɗaya. Ana ninka darajar da ɗalibi ya samu da nauyin kwas ɗin, a tara duka, a raba da jimillar yunit ɗin da ya yi wa rajista. Abin da ya fito shi ne GPA na zangon, tarin na duk zangunan kuma shi ne CGPA. Mai 4.50 zuwa sama shi ke fita da daraja ta ɗaya. Daga 3.50 zuwa 4.49 babbar daraja ta biyu, wadda ita ce yawancin manyan ma'aikatu da masu ba da tallafin ƙaro karatu suke nema. Daga 2.40 zuwa 3.49 ƙaramar daraja ta biyu, sai daraja ta uku a ƙasa da haka.

To, a ce ga ɗalibi mai karatun shekara huɗu, yana ɗaukar yunit 40 kowace shekara, jimilla 160. A ce shekarar farko ta ruɗa shi ya tashi da 2.00, wato ya tara 80 kacal. Kafin ya fita da 3.50 sai ya tara 560 gaba ɗaya. Saura 480 ke nan a cikin yunit 120 da suka rage, ma'ana sai ya riƙe matsakaicin B a kowane kwas har shekara uku, a daidai lokacin da karatun ke ƙara tsauri. Daraja ta ɗaya kuwa ta riga ta kuɓuce masa: yana buƙatar 640 a cikin yunit 120, alhali ko ya ci A a komai 600 zai samu. Yaro ɗan shekara 17 ya rufe wa kansa ƙofa, kuma bai ma san akwai ƙofar ba.

Sai kuma batun kari-oba, kalmar da kowane ɗan jami'a ke tsoro. A sakandare idan ka faɗi Kimiyyar Sinadarai a zangon farko, sai a ce ka ƙara ƙoƙari, a wuce wurin. A jami'a kwas ɗin da ka faɗi yana nan yana jiranka baɗi. Sifilin da ka samu ya shiga lissafi, kuma dole ka sake yi masa rajista. Da yake akwai iyakar yunit ɗin da aka yarda ɗalibi ya ɗauka a zango, galibi 24, kwas ɗin da aka jawo daga baya yakan ture wani na sabuwar shekara, lokacin lakcarsa kuma ya ci karo da na wani. Haka abu ke tafiya har ya kai ga ƙarin shekara bayan abokai sun tafi bautar ƙasa. Wanda CGPA ɗinsa ya faɗi ƙasa da iyakar da jami'arsa ta sa, a ba shi gargaɗi, idan bai farfaɗo ba a sallame shi. Akwai gidajen da yaro ke ci gaba da fita kullum da jaka a kafaɗa wata da watanni bayan an sallame shi, don ya rasa bakin da zai faɗa wa mahaifinsa.

Duk wannan bayani bai fi a yi shi cikin awa ɗaya da alli da allo ba. Yana rubuce a littafin jagorar ɗalibai, ga wanda ya samu littafin, ga kuma wanda ya san cewa wannan shafin ya fi shafin tarihin jami'a da hotunan shugabanninta muhimmanci. Amma ɗalibai da yawa sai sun ga sakamakonsu na farko a manne a allon sashe sannan suke tambayar na kusa da su me wannan lamba take nufi.

Me ke jawo faɗuwar tun farko? Abu na farko da ba mu cika son faɗa a fili ba shi ne Turanci. Yaron da ya fito daga makarantar gwamnati a Gumel ko Dutsin-Ma ko Argungu yana iya zama haziƙi na gaske, amma a ajinsu malami da Turanci yake rubutu, da Hausa yake bayani. Kunnensa bai saba da sauraron Turanci na awa biyu ba tare da an tsaya an ce "kun gane?" ba. Jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 aka mayar da ita gaba ɗaya kan kwamfuta, zaɓi ce tsakanin amsoshi huɗu, ba ta gwada ko yaro zai iya rubuta shafi biyu yana kare ra'ayi. Sannan kowa ya san akwai cibiyoyin jarrabawa da kiredit ɗin Turancinsu ba ya nuna komai sai yawan kuɗin da aka biya. Yaro ya shigo da takarda mai kyau, ranar da malami ya ce "tattauna" ko "yi nazari" a takardar tambaya sai ya zubo abin da ya haddace daga handawut, ya fito yana murna, sakamako ya zo da E.

A kan wannan sai a ɗora kunya. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu kada su tsare babba da ido, kada su katse shi, kada su cika tambaya. Tarbiyya ce mai kyau a zaure. A zauren lakca kuwa takan zama sarƙa, musamman idan yaro yana tsoron ya buɗe baki ya yi kuskuren Turanci mutum ɗari biyar su fashe da dariya. Ga 'yan mata abin ya ninka, domin zuwa ofishin malami namiji ita kaɗai don neman ƙarin bayani abu ne da take gudu, kuma tana da dalilanta. Muna cewa matambayi ba ya ɓata, amma ba mu shirya wurin da za a yi tambayar ba tare da jin nauyi ba.

Abu na biyu laifin tsarin ne kansa. A takarda zango yana da kimanin mako 15 na karatu. A aikace sunayen sababbin ɗalibai kan fito kashi-kashi, kuma wanda ya fito a kashin ƙarshe yakan iso ya tarar an yi nisa. Sai ya shiga layin tantance takardu, ya je shagon kwamfuta a ciro masa lambar biyan kuɗi ta Remita, ya dawo a ce shafin rajista ba ya buɗewa, ya nemi sa hannun wane da wane, ya je asibitin makaranta, ya nemi gado. Kafin ya zauna a aji da natsuwa an sanar da ranar tes. Shi kuwa tes da aikin gida su ne kashi 30 ko 40 cikin 100 na makin kwas, wanda ya rasa su ya shiga jarrabawa da ƙafa ɗaya. Yajin aikin malamai ya ƙara dagula lamarin: na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Bayan kowane yajin aiki sai a matse kalanda don a cike giɓi, kuma wanda matsin ya fi yi wa illa shi ne wanda bai riga ya koyi yadda ake gudun ba.

Akwai taron wayar da kan sababbin ɗalibai, ba a ce babu ba. Amma duk wanda ya taɓa zama a irinsa ya san yadda yake. A tara dubban yara a babban zaure, manyan jami'ai su yi jawabi ɗaya bayan ɗaya, a ja kunne kan shigar banza da ƙungiyoyin asiri da satar amsa da shaye-shaye, a yi addu'a a watse. Jan kunnen yana da amfani. Sai dai kusan duk jawaban suna magana ne a kan abin da zai sa jami'a ta kori ɗalibi, kaɗan ne ke magana a kan abin da zai sa ya ci jarrabawa. Sau da yawa ma taron kan zo ne bayan an yi makonni ana lakca.

Kada kuma a manta da wanda aka ba shi abin da bai nema ba. Ya nemi likitanci aka ba shi nazarin tsirrai, ta nemi lauya aka ba ta nazarin harsuna. A gida an ce karɓi, da hanau gara mannau. Ya shigo da rabin zuciya, yana shirin sake zana JAMB ko neman canjin sashe, bai san cewa canjin sashen ma, inda ake yarda da shi, da CGPA mai kyau ake samunsa ba.

Sai ciki da wurin kwana. Zamanin da ɗalibi ke miƙa tikiti a ba shi abinci mai rahusa a kafteriya ya wuce tun tsakiyar shekarun 1980. Yau ɗalibai suna da lissafinsu na raha mai ɗaci, 0-1-0, wato ba karin kumallo, a ci na rana, a kwana haka. Gadajen hostal ba sa isa, don haka ko dai a raɓa da wani a ɗakin da ya riga ya cika, ko a kama haya a Samaru kusa da ABU ko unguwannin da ke kewaye da sabuwar harabar Jami'ar Bayero a kan titin Gwarzo, ko a riƙa zuwa daga gida kullum. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama wani kwas mai zaman kansa, kuma a shekarar ce jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024, yana biyan kuɗin makaranta tare da ba da naira 20,000 a wata, babu ruwa a kan bashin, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Wannan bayani na rashin ruwa yana da muhimmanci ga iyaye da yawa a wajenmu, waɗanda da jin kalmar bashi suke ja da baya. Amma sabon ɗalibi shi ne ya fi buƙatar kuɗin, shi ne kuma ya fi rashin sanin yadda ake cike takardun.

To wa ke riƙe waɗannan yara a halin yanzu? Amsar gaskiya ita ce 'yan uwansu ɗalibai. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, wadda ta samo asali tun 1954, da ƙungiyoyin ɗalibai Kirista, da ƙungiyoyin 'yan jiha ɗaya ko ƙaramar hukuma ɗaya, su ne ke kafa teburi lokacin rajista suna nuna wa baƙo hanya. Su ke shirya darasin bita da yamma ko ƙarshen mako, inda ɗan lebul uku zai tsaya ya warware wa ƙannensa Lissafi ko Fiziks, yana haɗawa da Hausa inda abin ya cije. Ɗalibai da dama za su gaya maka a wajen wannan bita suka fara gane abin da aka yi wata guda ana faɗa a lakca. Aiki ne na sa kai, kuma ya ceci mutane masu yawa.

Amma dogaro da shi kaɗai yana da illa biyu. Ta farko, rabo ne: wanda yake da yaya ko ɗan unguwarsu a makarantar ya shigo da taswira a hannu, wanda shi ne na farko a gidansu, ko ma a ƙauyensu, da ya taka jami'a ya shigo a makance. Baƙo ai ko da ido makaho ne. Ta biyu, ba kowane babba ne ke nufin alheri ba, ba kuma kowane mai nufin alheri ne ya san abin da yake faɗa ba. Akwai mai cewa lebul wan ba a wahalar da kai, karatu sai an je sama. Akwai mai koya wa yaro ya bar karatu sai saura mako biyu jarrabawa sannan a kwana ana yi har asuba. Akwai kuma waɗanda ke jiran isowar sababbin 'yan mata kamar yadda ake jiran kaka, suna fakewa da taimakon rajista. Sunan tsokana da ake kiran sababbi da shi, jambito, wasa ne, amma yana nuna cewa kowa ya san su da gani, har da wanda bai kamata ya san su ba.

Wasu ƙasashe sun daɗe da mayar da wannan mataki fanni na musamman. A Amurka, Jami'ar Karolina ta Kudu ta fara wani kwas a 1972 wanda aikinsa kawai shi ne koya wa sabon ɗalibi zama ɗan jami'a, a ƙananan rukunai, tare da malami ɗaya da ya san sunan kowa. Masanin ilimi Vincent Tinto ya yi suna tun 1975 da bayanin cewa ɗalibi yakan ɗore ne gwargwadon yadda ya saje da makaranta ta fuska biyu, ta karatu da ta zamantakewa, kuma idan ɗaya ta yanke ɗayar ma takan yi rauni. Amma dabarar da ta fi jan hankalina ita ce wadda Deanna Martin ta fara a Jami'ar Misuri da ke birnin Kansas a 1973. Maimakon a ware ɗalibai a ce waɗannan su ne masu rauni, sai a ware kwasa-kwasan da aka san suna kayar da mutane kowace shekara. A ɗauko ɗalibin da ya ci kwas ɗin da kyau a baya, a horar da shi, a biya shi ɗan abin hasafi, ya riƙa zama a lakcar tare da sababbi, sannan ya jagoranci bita a ƙananan rukunai ga duk mai so. Tunda kwas ɗin aka yi wa tambarin wuya, ba ɗalibin aka yi wa tambarin daƙiƙanci ba, babu abin kunya a zuwa. Ga al'ummar da kunya ke hana ta tambaya, wannan dabara kamar don mu aka yi ta. Kuma rabin aikin ma ƙungiyoyin ɗalibanmu sun riga sun fara shi, abin da ya rage shi ne sashe ya san da su, ya tantance masu koyarwar, ya ba su aji da lokaci a jadawali.

Na san abin da wasu malaman jami'a za su ce, kuma ba su rasa gaskiya ba. Za su ce jami'a ba gidan raino ba ce, su ma haka suka sha wuya suka fito. Za su ce ƙa'idar hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta malami ɗaya ga ɗalibi 30 a fannonin adabi da zamantakewa, ko ɗaya ga 20 a kimiyya, ta zama tatsuniya a sassa da yawa, kuma mutumin da ke da takardun jarrabawa dubu a gabansa, ga albashin da bai kai ƙarshen wata ba, ba shi da sararin zama uban kowa. Maganar yawan aiki na karɓe ta. Maganar "mu ma haka muka sha" ce ban karɓa ba, domin da yawa daga cikin masu faɗinta ta SBS ko HSC suka shigo, suka zauna a ajin mutum arba'in, suka ci abincin kafteriya. Ba wuya iri ɗaya ba ce.

Ko a cikin wannan ƙunci akwai abin da ba kuɗi yake buƙata ba, tsari yake buƙata. Kowane sashe yana da malamin da aka ɗora wa kula da aji, wanda ɗalibai ke kira kodineta. A wurare da yawa aikinsa ya taƙaita ga sa hannu a takardar rajista da haɗa sakamako, kuma akan jibga aikin lebul wan a kan ƙaramin malamin da bai daɗe da zuwa ba. Ya kamata a juya lamarin: ajin farko a ba wanda ya fi haƙuri da gogewa, a rage masa wasu ayyukan, a raba yaran rukuni-rukuni, a samu malama mace da 'yan mata za su iya zuwa wajenta. Sannan a yi tes na farko da wuri, a mako na biyar ko na shida, a kuma fitar da makinsa cikin kwanaki. Wannan shi ne ma'aunin zafin jiki. Yaron da ya ga 4 cikin 20 a mako na shida yana da sauran wata biyu ya gyara. Wanda bai ga komai ba sai bayan jarrabawa, wani lokaci ma sai an yi nisa a zango na biyu sakamakon na farko ke fitowa, wannan an yi masa ihu bayan hari. Manhajar karatu ta CCMAS da NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta, don haka wadda ta ga dama tana da filin da za ta saka darasin koyon karatun jami'a na gaske, ko ta gyara darussan bai-ɗaya na Turanci da amfani da laburare su daina zama abin haddacewa a zauren mutum dubu.

Makarantun sakandare da iyaye ma suna da nasu kason. Tsakanin gama NECO da shiga jami'a akan samu wata da watanni yaro yana zaune, ko yana tsaron shago, ko yana riƙe da waya. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, waɗanda suka iya tara kuɗin fenti da na walimar shekara, za su iya tara 'yan jami'ar garinsu lokacin hutu su zauna da masu shirin tafiya na kwana biyu ko uku: ga yadda ake lissafin maki, ga yadda ake rajistar kwas, ga yadda ake ɗaukar bayani daga bakin malami, ga wanda za ka nema idan abu ya cije. Uba kuma, ko bai yi boko ba, yana iya sauya tambayarsa. Mun saba da "ya karatu?", amsarta kuma kullum "Alhamdu lillahi". Idan ya ce an yi tes, nawa ka samu, wane darasi ne ya fi ba ka wuya, waye kodinetanku, ka taɓa zuwa wajensa, to dole yaro ya ba da amsar da ke da nama a jiki. Sai dai tambayar ba za ta yi amfani ba idan yaron ya san cewa faɗin gaskiya zai jawo masa gori a kan kuɗin rajistar da aka sayar da buhun masara ko tunkiya aka biya.